Kimiyya Baƙuwa Ce, Tana Neman Fatoma

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano. Ban da goro, babu irin kayan da ban ɗauka ba a kan wannan hanya: atamfa, man kaɗe, wasiƙun mutane, kuɗin aike, har amarya na taɓa rakowa. Duk na sauke su lafiya, aka yi mini godiya. Kaya ɗaya ne har yau yake kaina, kuma girmansa bai kai tafin hannu ba. Kaset ne. Na saye shi a bakin tasha a Kano ƙarshen shekarar 2003, bayan na sallami goron da na kai kasuwar Mariri.

Mai magana a kaset ɗin ya iya baki. Ya ce ɗigon rigakafin shan inna da ake bi gida-gida ana yi wa yara, an zuba masa maganin hana haihuwa, wasu ma sun ce har da ƙwayar ƙanjamau. Ya ce so ake a rage mu. Sau uku na saurare shi kafin mu kai iyaka. Da na iso Kumasi na sa shi a rediyon rumfata, na ƙure murya. Kafin sati ya zagayo an kwafe shi ya fi sau goma. Ni da bakina na riƙa ce wa mutanen zango, “Daga gida na zo da shi, da kunnena na ji.” Kun kuwa san halinmu a baƙunta: duk maganar da aka ce daga gida ta fito, ba a tankaɗe ta.

Abin da ya sa na tono wannan labari yanzu, kaset ya mutu amma sana'arsa tana nan. Kowannenmu yana yawo da tasha a aljihu. Saƙon murya ɗaya na WhatsApp yana barin Kano da asuba, kafin azahar ya karya kumallo a Agadas, Garwa, Njamena da Kumasi. Mu 'yan kasuwa mu ne motarsa.

Tsoron nan ba banza ba

Kafin wani yaro ɗan boko ya ce jahilci ne ya ɗebe mu, bari in faɗi abin da muka sani a lokacin.

A 1996 sanƙarau ya shiga arewacin Najeriya, ya kashe mutum sama da 11,000. Ana cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma ya nemi izini. Aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To, a 2003 ba a kai ga sasantawar ba, ciwon yana ɗanye. A watan Maris na wannan shekara kuma Amurka ta shiga Iraƙi, kullum muna ji a rediyo.

Sannan ga tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi. Ka kai ɗanka asibiti da zazzaɓi, a rubuta maka takarda a ce je ka sayo. Ƙyanda tana kwashe yara a unguwa, ba ka ga kowa ba. Amma ga wani magani kyauta, ana biyo ka da shi har ƙofar ɗaki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ciwon da a unguwa guda da ƙyar ka nuna yaro biyu masu shi. Mu da aka raina da cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, me ake so mu ce? Tambayar tana kan hanya. Abin da ya ɓace shi ne mai amsa ta. Waɗanda ake turowa 'yan mata ne da akwatin ƙanƙara da alli, an koya musu ɗiga magani da rubutu a bango, ba a koya musu amsa ba. Ka tambaye su, su ce, “Haka aka ce mu yi.” Mai kaset kuwa ya ba ni amsa cikakkiya, da Hausata, har da misalai.

Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin a 2003. Aka yi ta kafa kwamitoci, aka yi ta kai maganin ɗakunan gwaji a ciki da wajen ƙasa. Abin da yake isowa gare mu daga can, Turanci ne da lissafi. Kano ta fi kowa daɗewa, sai ƙarshen Yulin 2004 ta buɗe ƙofa, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Wayar da na amsa

A lokacin ne ƙanena ya kira ni. Manomi ne a wani ƙauye kudu da Kano, sai ya je bakin titi wurin masu wayar kuɗi kafin ya same ni. Yana da yaro namiji, bai daɗe da fara tafiya ba.

Ya ce, “Yaya, mutanen nan sun dawo. Wai yanzu na ƙasar Musulmi ne, mai unguwa ma ya ce a bayar. Yaya ka gani?”

Na ce, “Kwalba suka sake. Kada ka kuskura.”

Ya ce, “To, Yaya.”

Ko minti biyu maganar ba ta kai ba. Shi a wurinsa ni ne wanda ya ga duniya, na ƙetare iyaka uku, ina jin Turanci kaɗan-kaɗan, ina sauraren BBC. Idan masu rigakafi suka shigo ƙauyen, sai a tura yaron gona wurin kakarsa.

A daminar 2006 yaron ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki. Zazzaɓin ya sauka, aka ce Alhamdu lillahi. Da safe ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai shi asibiti a birni. Likita ya ce shan inna ce, kuma idan ta riga ta taɓa, ba ta da magani. Ƙafar hagu ta tafi gaba ɗaya, ta dama ta rage kaɗan. Shekararsa uku. A wannan shekara yara fiye da 1,100 cutar ta shanye a Najeriya. Da na je na same shi yana jan gindi a tsakar gida yana bin 'yan'uwansa da suke guje-guje. Ƙanena bai ce mini komai ba, har yau kuma bai ce ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo Kumasi da tsoron nawa yaran, don ni ma na hana a gidana. Na ce wa mai ɗakina gobe mu kai su asibiti. Ta yi shiru, ta jawo akwatinta, ta zaro katin awo guda uku daga ƙarƙashin zannuwa. Duk an cike su, babu layin da aka tsallake. Ta ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. Duk ranar da ka yi tafiya nake kai su.” Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. 'Yan matan nan biyu da aka ce an kashe musu mahaifa, yau babbar tana da 'ya'ya huɗu, ƙaramar tana da uku.

Goro ɗaya mai sankara

Wadda take yi musu awon ma'aikaciyar jinya ce haifaffiyar zango, mahaifinta ma goro ya sayar har ya rasu. Mai ɗakina ta roƙe ta ta zo gida. Ta zo ranar Lahadi da yamma, ba da kayan aiki ba, ta zauna a tabarma aka kawo mata ruwa. Na zazzage mata tambayoyina duka, har da na rashin kunya. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi mini dariya ba.

Na ce, “Malama, ciwon da bai fi yaro ɗaya ko biyu a gari ba, me ya sa aka tasa shi gaba haka?”

Ta ce, “Alhaji, idan ka kwance huhu ka ga goro ɗaya da sankara, ɗayan kake cirewa ka ɗaure?”

Na ce, “Haba. Ai sai an zazzage huhun duka an bi shi ɗaya-ɗaya. Wanda ya nuna a waje kaɗan ne, ɓarnar tana ciki.”

Ta ce, “To haka shan inna take. A cikin yara wajen 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ne take shanyewa. Sauran suna wasansu lafiya, amma tana cikin hanjinsu, tana fita ta bayan gida, ta bi hannu da ruwa da abinci ta shiga bakin wani. Idan ka ga gurgu ɗaya, huhun ya kamu.”

Na tambaye ta me ke cikin kwalbar. Ta ce ƙwayar cutar ce da kanta, amma an karya mata ƙarfi. Ana nuna wa jiki ita ne kamar yadda ake zagayawa da ɓarawo a kasuwa don 'yan gadi su shaida fuskarsa, ranar da ya dawo da ƙarfinsa a tare shi tun daga ƙofa. Na ce to me ya sa ake ta maimaitawa? Ta ce a ƙasashenmu masu zafi, inda gudawa ta yi wa yara yawa, ɗigo ɗaya ba kullum yake kamawa ba, sai an sake. Na ce me ya sa ita ake bi gida-gida, ba zazzaɓi ba? Ta ce don ita wannan ƙwaya ba ta da wurin zama sai jikin ɗan Adam. Ba ta ɓuya a sauro ko a dabba. Idan aka rufe mata ƙofa a ko'ina lokaci guda, ta ƙare ke nan har abada, kuma ƙasashen da suke ba da kuɗin su ma sun huta da tsoron a kai musu ita.

Nan ne hankalina ya kwanta. Ashe zomon ba banza ta kai shi kasuwa ba, kowa yana da ribarsa, kuma ribar halal ce. Da an gaya mini haka a 2003, da harshen da nake ciniki da shi, ina jin da ban sayi kaset ba. Bayanin nan duka bai ɗauke ta awa ɗaya ba.

Daga baya na karanta abin da ya biyo bayan rufe ƙofar da muka yi. Tsakanin 2003 da 2006 ƙwayar ta sake shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta shiga Gana, Togo, Benin, Burkina Faso, Kamaru, Chadi da Sudan. Ta haye teku ta shiga Saudiyya da Yaman. A 2005 ta isa Indonesiya, ƙasar da aka sayo mana maganin, ta shanye yara wajen 300. Masana suna gane asalin ƙwaya kamar yadda nake gane goron wane daji ne idan na ɓara shi, kuma sawun ya komo arewacin Najeriya. Ku sake duba jerin ƙasashen nan. Hanyoyinmu ne, na fatauci da na aikin Hajji.

Aikin fatoma

Yaran yanzu ba su san fatoma ba, bari in gaya musu. Tun zamanin da kakanninmu suke zuwa Gwanja da jakuna, baƙon ɗan kasuwa ba ya shiga gari ya baje kaya haka kawai. Gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali. Idan za a ba da bashi, shi ne zai ce, “Na san shi, ku ba shi, in ya gudu ku kama ni.” Mai saye bai san baƙo ba, amma ya san fatoma, ya san gidansa, ya san gobe ma yana nan. Kaya komai kyansa, idan ba wanda ya tsaya masa, sai ya kwana a rana.

Ilimin kimiyya haka ya zo mana, baƙo da kaya mai kyau, amma ya ƙi sauka gidan kowa. Ya tsaya a bakin kasuwa yana magana da harshen da ba ma ji, kuma an taɓa kama wani ɗan garinsu da algus. Da aka gane haka, ai abin da aka yi ke nan, aka nemo masa fatoma. Gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya bari aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a a 2004. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abin da mutane suke nema da kansu, kamar gidan sauro, sabulu da maganin tsutsar ciki. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan arewa a kan lafiya, magana ta bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a suna da biki, su shiga ɗaki su zauna da uwa. Waɗanda cutar ta shanye su ma suka fito a kan kekunansu suna cewa, “Ku dube mu.”

Ba a sha da sauƙi ba. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Magana ce aka yi ta shukawa har ta tsiro da harsashi, kuma ina cikin waɗanda suka yi ban ruwa. Amma aiki ya ci gaba. An ga na ƙarshen masu shan inna ta asali a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yankin Afirka ya rabu da ita. A 1988, lokacin da aka ɗaura wannan yaƙi, yara wajen 350,000 take shanyewa duk shekara a duniya.

Wani zai ce, to tunda ta ƙare me ya sa har yanzu suke zuwa? Ga gaskiyar da ya kamata a riƙa faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙwayar nan da aka raunana ta cikin ɗigon, idan ta faɗa garin da yara da yawa ba su da rigakafi, takan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki har ta sake yin ƙarfi ta shanye wani. An samu irin wannan a Chereponi, arewacin Gana, a 2019. Inda kowa ya karɓa ba ta samun hanya. Na fi son a gaya mini wannan da baki, da in tsinto shi a wurin mai saƙon murya ya ƙara masa gishiri. Dillalin da ya nuna maka aibin kaya da kansa, shi kake koma wa.

Rigakafi ba baƙonmu ba ne

Ku duba sunan ciwon ma. Shan inna. Mutanen da suka ce Inna, wata iska ce, ita take shanye ƙafar yaro. Wato sunan da kansa ya riga ya faɗi mai laifi, ya kuma nuna gidan da za a je neman magani. Wanda ya zo ya ce ƙwaya ce da ido ba ya gani, ba da kaset kaɗai yake ja ba, har da kakarka da ta rene ka. Irin wannan ba a yi masa gatse. Kakanninmu sun lura da kyau: sun ga zazzaɓi ne yake fara zuwa, sun ga yara take kamawa, sun ga ba ta sakin wanda ta kama. Madubin da zai nuna musu ƙwayar ne ba su da shi.

Kuma wani abin da na karanta ya ba ni mamaki. Tun kafin allurar Bature, mutanen Afirka ta Yamma suna yi wa agana rigakafi. Sukan ɗebi ruwan ƙurjin mai ciwon kaɗan, su tsaga fatar mai lafiya su shafa, ya yi ciwon sama-sama ya warke, ba ta ƙara kama shi. Wani bawa da aka kai Boston ta Amurka, ana kiransa Onesimus, shi ya koya wa ubangidansa Cotton Mather wannan dabara. Da agana ta shiga garin a 1721 aka gwada. Cikin waɗanda ta kama haka kawai, wajen 14 cikin 100 suka mutu. Cikin waɗanda aka yi wa tsagar, wajen 2 cikin 100. A lokacin Turawan garin ne suka tayar da hankali, suna cewa ba za su karɓi maganin bawa ba. Sai a 1796 Edward Jenner na Ingila ya fito da hanyar da ta fi wannan aminci. Yayyenmu duk suna da tabon lamba a dantse, kuma a 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya. Yau ka tambayi ɗan shekara ashirin mece ce agana, sai ya ce ko sunan gari ne.

Ashe gudun abin da ba ka sani ba, ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A nan Gana ma, a 2015 aka shirya gwajin rigakafin Ibola a Hohoe. Mutane suka ji labarin a rediyo kafin a zauna da su, hankali ya tashi har majalisa, aka dakatar. Duk wanda aka tsallake shi, sai ya tare hanya.

Daren ruwan gishiri

An sake gwada ni a Agustan 2014, bayan Ibola ta shiga Legas. Da tsakar dare waya ta tashe ni, wani abokin cinikina ne daga Najeriya. Ya ce, “Alhaji, tashi ka tashi iyalinka! A yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye, shi ne maganinta. Ka sanar da mutanenka.” Har na ɗauki waya zan fara kira. Lambar ƙanena ce ta fara fitowa. Na ajiye wayar.

Da asuba na kira malamar nan. Ta ce, “Alhaji, kada ka bari kowa ya sha, musamman mai hawan jini.” A ranar na zauna a rumfa, duk wanda ya zo da maganar na ce masa na tambaya, ba haka ba ne. Daga baya muka ji mutum aƙalla biyu sun mutu a Najeriya saboda shan gishirin, wasu da dama sun kwanta asibiti. Ita Ibolar, mutum 20 ta kama a ƙasar, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana mai cutar na farko fita daga asibiti. Abin da ya tare ta shi ne bin sawun duk wanda ya taɓa mara lafiya, kuma ma'aikatan da suka ƙware a yaƙin shan inna suna cikin waɗanda suka yi aikin.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina tambaya uku kafin in tura kowane saƙo. Wa ya faɗa, yana da suna da gida, ko “an ce” ne? Akwai wanda na sani mai ilimin abin da zan iya kira yanzu? Idan maganar ta zama ƙarya, ɗan wa zai biya? Ai ko goro ba na saye sai na ɓara na gani. Yaya zan karɓi maganar da ta shafi ran yaro a ɗaure, in kuma sayar da ita a ɗaure?

Su ma masu ilimin ina da saƙo gare su. Ku koyi faɗar abinku da Hausa, da Dagbanci, da Fulatanci, da harshen da uwa take yi wa ɗanta rarrashi. Ku zo tun kafin ranar allura, ku zauna a tabarma. Idan an taɓa yin kuskure ku ce an yi. Idan magani yana da iyaka ku faɗi iyakarsa. Kada ku raina tambayar mai goro, don idan ba ku amsa ba akwai mai amsawa. 'Ya'yanmu na zango da suka yi karatun likita da jinya da haɗa magani, ku ne fatoman wannan zamani. Kuna jin harshen can, kuna jin na nan, kuma mun san gidajenku.

Yanzu ga rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya zo, wanda muka yi ta cewa me ya sa ba a kawo ba. Gana tana cikin ƙasashe uku da aka fara shi a 2019, tare da Kenya da Malawi. Kamaru ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, wasu ƙasashenmu suka biyo baya. Sau huɗu ake yi. Ba ya hana zazzaɓi ɗungurungum, rage yawansa da tsananinsa yake yi, don haka gidan sauro yana nan daram. Tuni na fara jin saƙonnin murya a kansa, da irin muryar nan da na sani, mai daɗi, mai tabbaci. Jikokina da suka isa an yi musu, ni na raka uwarsu da kaina.

Yaron ƙanena yanzu ya haura ashirin. Yana gyaran waya a bakin titin da ubansa ya kira ni, yana da keken hannu da rumfa tasa. Bara da na je, na daure na gaya masa komai, kaset ɗin da wayar da abin da na ce. Ya daɗe yana juya wata waya a hannunsa. Sannan ya ce, “Baffa, na sani tun ina ƙarami, Inna ta gaya mini.” Mahaifiyarsa yake nufi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Na yafe. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma Baffa, mutum nawa ka kunna wa kaset ɗin?”

Na ce ban san adadi ba.

Ya ce, “To ka koma ka gaya musu.”

Wasu sun rasu, wasu sun koma gida, wasu sun yi gaba zuwa Abijan da Libreville. Ban san inda zan same su duka ba, shi ya sa na rubuto nan. Idan kana cikin waɗanda suka zauna a rumfata a Kumasi ƙarshen 2003, ko aka kwafa maka daga wanda aka kwafa daga nawa, ni ne na kawo shi, kuma kayan ba shi da kyau. Allah ya yafe mana, ya raya mana zuri'a cikin lafiya.